Kada A Dasa Sai Na Zo

Wurno, 6 ga Satumba, 2024

Zuwa ga ɗana Abdulmutalib, ɗan marigayi ɗan'uwana Mode, a birnin Durban.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da maiɗakinka Maureen da ɗiyanku Uwaisu da Sauda. Mu nan lafiya lau muke, in ka cire gwiwata ta hagu da kunnen nan da ka sani. Saboda kunnen ne na daina son magana ta waya. Kai kana ihu can, ni ina ihu nan, a tashi ba wanda ya fahimci wani. Wanga rubutu da kake gani nawa ne, da hannuna, ban ba kowa ya rubuta mini ba. Na daɗe ina zuwa ajin yamma na Malam Patrick bayan la'asar, ni da wasu tsofaffi irina, muna zama kan bencin yara gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Hafiza matar ɗana Sirajo ce za ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta tura maka. In ka amsa, ita za ta miƙo mini wayar, ta ƙara girman baƙaƙen in karanta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Hafiza ta sauka lafiya! Mace anka samu, jiya anka raɗa mata suna Sumayya. Ka san shekarun da yaran nan sunka yi suna jira, ka san abin da mutane sunka riƙa faɗi. Ina masallaci anka kawo mini albishir. Na taso na iso gida, sai da na zauna na ga ashe takalmi ɗaya ne a ƙafata, shi ma ba nawa ba ne. Har yau Liman bai daina yi mini tsiya ba. Yarinyar ta ɗauko goshin kakarta marigayiya sak. Na ce mata, amaryata ki yi haƙuri, mijinki tsoho ne amma shina da boko.

Ya kamata ka sani, ragon suna daga gonar mahaifinka ya fito. Gonar fadama da ka bar mini amana sa'ad da za ka tafi, wadda na ba Sirajo aro kamar yadda na faɗa maka tun tuni. Albasar da ya cire da bazara ya zuba ta cikin rudu, rumbun karan nan da muke ajiya, bai taɓa ta ba sai da damina ta yi nisa ta yi tsada, Allah kuma ya tsare ta daga ruɓewa. Bana babu mai zama gidanmu. Sirajo na gyaran wurin iri, Hafiza kafin ta yi nauyi tana ɓarar tafarnuwa, ni kaina ina ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Lokacin cira ma hannuwa sunka yi mana kaɗan, sai da munka ɗauki samari 'yan Nijar. Alhamdu lillahi, aiki ya yi mana yawa.

Kai fa, yaya masana'antar ɗinki? Kwana biyu ba ka ce komi a kanta ba. Ka sa Sumayya cikin addu'a.

Naka, Baba Shittu.

*

Durban, 24 ga Satumba, 2024

Baba,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ka. Allah shi raya Sumayya, shi ba Hafiza lafiyar shayarwa. Mu ma lafiya muke, sai asmar Sauda da kan taso in sanyi ya shigo. Na nuna wa yara rubutunka. Ba su san mi ya ce ba, amma Uwaisu ya ce ya fi nawa kyau.

Ka tambayi masana'anta. Baba, an rufe ta tun bayan ƙaramar salla. Ban faɗa ba ne don ina sa ran samun wata, har yau ban samu ba.

Nan ƙasar, in kana aiki ana cire maka kaɗan daga albashi ana tarawa cikin wani asusu. In aikin ya mutu sai su riƙa ba ka wani abu na 'yan watanni. Nawa ya kusa ƙarewa. Ban da shi, gwamnati tana ba kowane yaro na gidan marasa ƙarfi ɗan abu duk wata. Maureen ke karɓa, tunda ita ce 'yar ƙasa. Uwarta kuma tana karɓar na tsofaffi. Da waɗannan ake ɗora tukunya gidan da nake. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Amma duk sa'ad da na sa hannu cikin kwano na san sunan Sauda da Uwaisu ne ya kawo abincin, ba zufata ba. Surukata takan turo nama gabana ta ce in ci, ni kuma sai in kasa ci.

Da yake zaman ya yi yawa, na riƙa duba alƙaluman da ake bugawa na rashin aiki. Nan Afirka ta Kudu, cikin kowane mutum ɗari masu neman aiki, talatin da uku ba su da shi. Ɗan ƙasa ma yana yawo, balle baƙo. Najeriya kuwa biyar ne. Biyar, Baba! Kusan daidai da Ingila. Na nuna wa Maureen, sai ta ce, "In haka ne, mi ya kawo ka nan?" Na ce wancan zamani daban ne. Ba ta yarda ba sai da takardarka ta zo. Na fassara mata inda ka ce babu mai zama gidanku, har kuna ɗaukar 'yan Nijar. Ba ta sake musu ba.

Saboda haka na yanke shawara zan dawo gida da iyalina. Gonar babana nake so in koma wa. Na san Sirajo ya sha wahala cikinta, kuma ina godiya, amma tunda aiki ya yi yawa haka ba zai rasa wata ba. Ka faɗa mishi da bakinka, ya fi daɗin ji daga gare ka.

Ɗanka, Abdulmutalib.

*

Wurno, 9 ga Oktoba, 2024

Ɗana Abdulmutalib,

Assalamu alaikum. Da fatan jikin Sauda ya yi sauƙi. Sumayya na ta ƙiba, Hafiza ta kusa gama wankan jego, gwiwata na nan yadda take. Allah shi musanya maka aikin da ka rasa da wanda ya fi shi.

Na karanta saƙonka har na haddace shi, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Ban amsa da wuri ba don ina son in gane wagga magana ta biyar cikin ɗari tukuna. Bayan an tashi aji na tsayar da Malam Patrick na nuna mishi. Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya daina.

Ya ce, "Baba Shittu, 'yan shekarun baya mu ma talatin da uku anka ce. Sai anka canza yadda ake ƙirgawa. Yanzu in mutum ya yi aikin awa ɗaya cikin mako ya samu ko nawa ne, mai aiki ne."

Na ce, "Malam, wanda ya ɗauki buhu ɗaya ranar kasuwa fa?"

Ya ce, "Mai aiki ne."

Na ce, "Ni da nake ware ruɓaɓɓiyar albasa?"

Ya ce, "Kai ai babban ma'aikaci ne, saura mota."

Sai ya nuna mini na Nijar cikin wayarshi. Ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba, wai sun fi Turawa aiki. To samarin da munka ɗauka daga can sunka zo, kan buhu suke kwana bakin fadama, don tuwo da ɗan abin da za su koma da shi. A ganin Malam, inda gwamnati ke ba da wani abu, mutum na iya zama ya ce ba ni da aiki, a ƙirga shi. Inda babu, yunwa ba ta barin kowa ya zauna, sai a ce kowa na aiki. Ni dai ban san na wasu ƙasashe ba. Na san tashar 'yan kabu-kabu ta Wurno. Akwai gidan da 'yan'uwa uku ke karɓa-karɓa da babur ɗaya, ɗaya na kai, biyu na ƙarƙashin itace suna jiran shi.

Tallafin gwamnati kuma, an taɓa raba shinkafa, munka ci ta 'yan kwanaki. An ce ana tura wa wasu kuɗi ta waya, na san waɗanda sunka samu cikin unguwarmu, amma ba abin da za ka jingina a kai ba ne ka ce wata mai zuwa ma zai zo. Na yara duk wata babu shi. Na tsofaffi irina babu shi. In asmar Sauda ta taso nan, daga aljihunka maganin zai fito.

Murna ce ta riƙe mini biro wancan karon. Na faɗa maka shekarar da ta yi kyau, ban faɗa maka waɗanda ruwa ya ci ba.

Yanzu maganar gona. Taka ce, babu gardama. Ka san al'adarmu. In mai aro ya dasa, ba a karɓe mishi sai ya cire amfaninshi. In bai dasa ba, magana ta mai gona ce. Sirajo ya riga ya zuba iri wurin reno, kuma abin da ya rage na kuɗin albasar bazara duk ya tafi ga iri da taki da gyaran injin ban-ruwa. Dashe na nan tafe cikin Nuwamba. Ba shi da wata gona. Tawa ta tudu ce, gero kawai take yi da damina, fadama kuwa ko taki ɗaya babu marar mai shi. Shawarata, ka zauna inda kake, ka bar yaron nan ya dasa bana.

Naka, Baba Shittu.

*

Durban, 27 ga Oktoba, 2024

Baba,

Na gaishe ka. Muna lafiya.

Maganar awa ɗaya na san ta tun kafin in rubuto, tana nan rubuce ƙarƙashin alƙaluman. Awa ɗaya ta fi babu. Ni nan ko ita ba ni da. In na fita nema, abin da ake fara tambayata shi ne daga wace ƙasa nake. Makon jiya wasu samari sunka tsaya ƙofar gidanmu suna cewa baƙi su tattara su ba 'yan ƙasa wuri. Maureen ce ta fita ta kore su, ni ina ɗaki kamar ɓarawo, Uwaisu na kallona. Malam Patrick ya ce inda gwamnati ke ba da abu mutum na iya zama. Ka ce mishi ya zo ya gwada wanga zama ya ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, watan jiya aiki ya yi muku yawa har kuna ɗaukar baƙi. Ranar da na ambaci gonar babana, ranar aiki ya ƙare a Wurno. "Ka zauna inda kake." Na karanta wagga magana har idona ya yi zafi. Babana bai taɓa zaton za a faɗa wa ɗanshi haka kan gonarshi ba. Bana a bar Sirajo ya dasa, baɗi ma a ce ya riga ya zuba iri, haka za a yi ta yi har ɗiyana su tashi ba su san suna da ƙasa ba.

Tunda kai da kanka ka ce kafin dashe magana tawa ce, ga ta: kada a dasa komi cikin gonar nan sai na zo. Ina haɗa kuɗin jirgi, zan iso kafin shekara ta ƙare. In da gaske amana ce, zan gani.

Abdulmutalib.

*

Wurno, 12 ga Nuwamba, 2024

Abdulmutalib,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Sumayya ta yi ɗan zazzaɓi, an kai ta asibiti, ta warware.

Ban taɓa zaton zan ga irin wagga magana daga gare ka ba. Ni da Mode kwano ɗaya munka ci tun muna yara, ni na sa shi kabari. Amma ba zan tsaya rantsuwa ba. Na ga duk abin da zan ce maka kan rashin aiki, muddin ɗana na cikin gonarka, ba za ka ji shi da kunnen gaskiya ba. Ni ma da ni ne, ƙila haka zan yi.

Na kira Liman da Abubakar mai unguwa, na karanta musu saƙonka, na ce su shaida gonar Mode ta koma hannun ɗanshi. Sannan na kira Sirajo. Ya riga ya sani, tunda ta wayar matarshi komi ke wucewa. Ya zo ya tsuguna, bai ɗaga kai ba.

Na ce, "Ba za a dasa ba sai yayanka ya zo."

Ya ce, "Baba, Yaya allura ya sani. Yaushe rabonshi da fartanya? In ya zo ƙarshen shekara mi zai dasa, zare?"

Na ce, "Ko duwatsu zai dasa, gonarshi ce."

Ya ce, "To ni mi zan ba Hafiza? Amana za mu dafa?"

Liman ya tsawata mishi, ya ce ba a yi wa uba magana haka. Amma da munka fito, Liman ɗin ya ja ni gefe ya ce, "Malam Shittu, yaron bai yi ƙarya ba." Na ce na sani.

Ga halin da ake ciki. Iri ya isa dashe, ya yi kyau ƙwarai, tsawonshi ya kai taƙi. Sirajo ya riga ya ja fangalin ban-ruwa cikin gonar tun kafin saƙonka, suna nan a bushe suna jira. Irin albasa ba ya jira da yawa. In ya tsufa wurin reno sai ya ɗaure ƙaramin kai tun can, in an dasa ba ya yin albasar kirki. Ban roƙe ka ka fasa zuwa ba, na janye wannan. Ka zo, ɗakin babanka na nan. Abin da nake roƙo shi ne ka ce a dasa, ko da sunanka ne, in ka iso ku daidaita kai da ƙanenka. Kalma ɗaya ta isa.

Baba Shittu.

*

Wurno, 5 ga Disamba, 2024

Ɗana,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Shirunka ya fara ba ni tsoro fiye da fushinka. Hafiza ta ce takardata ta baya ba ta nuna alamar ta shiga wayarka ba. Ta kira, a kashe. Tunda ka ba ni labarin samarin da sunka zo ƙofarku, zuciyata ke kawo mini abubuwa iri-iri. In kana da rai da lafiya, ka ari wayar wani ka ce mana wani abu.

Duk fadama ta yi kore. Maƙwabtanmu na gabas da na yamma sun gama dashe, har sun yi ban-ruwa na biyu. Gonarka ce kaɗai ja a tsakiya, kowa ya wuce sai ya tambaya ko rasuwa anka yi. Iri ya fara kwantawa, ƙasanshi ya fara kumbura. Wani Sa'adu daga Rimawa, can wajen Goronyo, nashi irin ya ƙone, ya zo ya taya na Sirajo da farashin wulaƙanci don ya ga mun matsu.

Jiya Sirajo ya same ni shina riƙe da Sumayya. Ya ce, "Baba, mu dasa rabi. In Yaya ya zo ya ɗauki rabin da ke fili. Wa zai ce mun yi laifi?" Wallahi bakina ya buɗe zan ce to. Sai na tuna ka ce in da gaske amana ce za ka gani. Na ce mishi a ƙara jira zuwa Juma'a. Ya miƙa wa uwarta yarinyar ya fita, bai ci tuwo ba.

Ka amsa, don Allah.

Baba Shittu.

*

Durban, 14 ga Janairu, 2025

Baba,

Assalamu alaikum. Na durƙusa, kuma ina neman gafara. Muna nan da rai da lafiya, babu abin da ya same ni. Wayata na sayar, da keken ɗinkina na gida, don in haɗa kuɗin jirgi. Duk sa'ad da na kusa, sai in tarar ya ƙara tsada. Jiya na samu wata tsohuwar waya na mayar da layina, sai ga takardunka biyu sun shigo tare. Na karanta su a tsaye, sannan na zauna ƙasa.

Ba za mu zo ba, Baba. Cikin Disamba asmar Sauda ta tashi da ƙarfi, munka kwana asibitin gwamnati, ba wanda ya tambaye mu komi sai katinta na asibiti. Da munka dawo gida Maureen ta ce, "Na yarda ƙasarku biyar ne, tamu talatin da uku. Ka faɗa mini abu ɗaya: watan da albasa ta ruɓe, mi yaran nan za su ci?" Ta ce in ni kaɗai zan tafi ba ta hana ni ba. Na duba ɗiyana na ga ba zan iya ba.

Allah kuma ya kawo ɗan sauƙi. Nan cikin Janairu ake komawa makaranta, wata mata mai shago ta ɗauke ni ina yi mata ɗinkin kayan makaranta. Ba kullum ba ne, ba mai yawa ba ne, amma na sayo burodi da kuɗina na aje kan tebur.

Maganar da na faɗa maka cikin Oktoba ta fushi ce, ranar ban san inda kaina yake ba. Ka yafe mini. Hankalina bai tashi sosai ba, don na san ka, na san ba za ka bar iri ya lalace saboda maganar yaro mai fushi ba. Na tabbata daga baya kun dasa. Sirajo ya ci gaba da nomanshi, bana da baɗi da duk sa'ad da yake so. Yaya albasar, ta fara kai?

Ɗanka, Abdulmutalib.

*

Wurno, 29 ga Janairu, 2025

Ɗana Abdulmutalib,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kake raye. Na yi sadaka saboda haka. Allah shi ba Sauda lafiya, shi sa albarka cikin ɗinkinka. Ka gaishe da Maureen, ka ce mata tambayar da ta yi maka ni ma ba ni da amsarta. Na yafe maka, duniya da lahira.

Ba a dasa ba.

Ka ce ka san ni. Da ka san ni, da ka san ba zan iya ba bayan abin da ka rubuta. Juma'ar nan ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Sirajo ya cire irin da hannunshi ya ɗaure wa Sa'adu na Rimawa kan babur. Bayan haka ya sayar da injin ban-ruwa, ya bar wa Hafiza abin da ya samu, ya bi motar albasa zuwa Fatakwal. Can yake yanzu, shina sauke buhunan wasu a kasuwa. Yakan kira matarshi. Ni yakan ce a gaishe ni. Gonar tana nan, fangalin sun tsattsage, awaki ke kwana ciki. Lokacin albasa ya wuce bana.

Hafiza ce ta fara karanta saƙonka. Da ta zo inda ka ce ta fara kai, sai ta yi dariya sau ɗaya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, ta aje mini wayar kan tabarma ta shiga ɗaki. Daga baya ta kira Sirajo ta faɗa mishi. Ya ce a gode maka, amma ba zai sake zuba iri don gonar da ake iya karɓewa daga ƙasar waje ba.

Don haka ga abin da nake so. Ni ba zan sake tsayawa tsakaninku ba, na gwada, ga inda ya kai mu. Hafiza za ta tura maka lambar Sirajo. Ka kira shi da bakinka, ba saƙo ba. In aro ne ka faɗi shekarunshi, in haya ce ka faɗa, in rabon amfani ne ka faɗa, Liman da Abubakar su ji. Ka yi haka kafin damina, ƙila ya dawo ya yi shinkafa. Ban yi maka alkawarin zai ɗauka ba.

Saura abu ɗaya. Mahaifin Hafiza ya aiko daga garinsu Maikujera, ya ce tunda mijinta ba ya nan, ta koma gida ita da yarinyar har ya dawo. Na so in ce a'a. Na leƙa rumbuna na ga geron da ya rage, na ga mai shayarwa ce, sai na ce to. Gobe wanta zai zo ya tafi da su. Hanyar ba ta da daɗi kwanakin nan, ka sa su cikin addu'a. Sumayya ta fara zama in an tokare ta da matashi, kuma ta gano gemuna, in ta damƙa ba ta saki sai an ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya. Sa'ad da zan sake ganin ta, ƙila ta manta ni.

Wayar ta Hafiza ce, da ita za ta tafi. In kana da amsa ka ba Sirajo.

Ta ce in yi sauri in gama ta ɗauki hoton, tana son ta koma ga ɗaurin kaya. Ga shi ta miƙo mini yarinyar in riƙe mata. Da hannu ɗaya ba zan iya rubutu ba, don haka nan na tsaya.

Naka, Baba Shittu.